Haƙƙin mamaci a wurin 'yan fansho: yadda iyali za su karɓo shi

Yayana ya rasu cikin dare a ɗakinsa, kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Babu likita, babu takarda, kamar yadda mafi yawan mutanenmu suke barin duniya. Bayan an naɗe tabarmin sadakar bakwai, baƙi sun watse, sai uwargidansa ta aiko yaro ya kira ni. Na same ta zaune a bakin gado cikin takaba, ta miƙo mini wata tsohuwar jakar fata da zif ɗinta ya lalace, ta ce, "Baffansu, ga takardun yayanka nan, ni ban san kansu ba. An ce yana da kuɗi a wurin 'yan fansho." A cikin jakar akwai takardar ɗaukarsa aiki wadda ta yi ja don tsufa, da takardun albashi ɗaure da roba, da wata 'yar takarda mai ɗauke da doguwar lamba da ta fara da haruffan PEN. Wannan 'yar takardar, da na kusa ajiye ta gefe, ita ce ta zama mabuɗin komai.

Sai da muka shafe shekara guda da 'yan watanni kafin kuɗin su shigo, kuma fiye da rabin jinkirin rashin saninmu ne ya jawo shi. Shi ya sa nake rubuta wannan. Kuɗin da ma'aikaci ya bari a fansho guminsa ne da aka riƙa yanka daga albashinsa wata bayan wata, haƙƙin matansa da 'ya'yansa da iyayensa. Ba ya ɓacewa don mai shi ya rasu, amma kuma ba ya tako ƙafa ya zo gida da kansa. Takarda ce take fito da shi.

A fara da sanin tsarin da mamacin yake ciki

Kafin a kashe ko sisi a kuɗin mota, a tabbatar da ƙofar da za a ƙwanƙwasa, domin fansho a Najeriya ba gida ɗaya ba ne. Tun daga 2004 aka koma tsarin karo-karo, aka kuma sake dokar a 2014. A ƙarƙashin dokar 2014, ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashinsa kowane wata, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a tara su a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin shi kaɗai. Kamfanin fansho da ya zaɓa shi ke juya kuɗin, hukumar PenCom kuma ita ke sa ido a kan kamfanonin. Ma'aikatan gwamnatin tarayya, da 'yan sanda, da ma'aikatan bankuna da sauran kamfanoni masu zaman kansu, nan suke. Alamar da za ta nuna maka ita ce lambar nan mai farawa da PEN, ko saƙon tes da kamfanin yake turowa wayar mamacin duk lokacin da kuɗi suka shiga. Don haka kada a yi gaggawar ba wa yaro wayar, ko a bar layin ya mutu. In ba a ga lambar ba, sashen albashi na wurin aikinsa sun san kamfanin da suke tura wa kuɗinsa.

Mafi yawan bayanin da ke tafe a kan wannan tsarin yake. Sauran tsare-tsaren, na tsofaffin 'yan fansho da sojoji da ma'aikatan jihohi, zan zo kansu daga baya.

Shaidar rasuwa

A nan ne al'adarmu da tsarin ofis suke cin karo. Mu muna gaggawar suturta mamaci, kuma haka addini ya koyar, su kuma ma'aikatan fansho ba su san mutum ya rasu ba sai sun gani a rubuce. In a asibiti aka rasu, a karɓi takardar likita mai bayyana dalilin rasuwar tun ba a bar asibitin ba, ko a koma cikin makon, kafin fayil ya shige ƙarƙashin wasu. In a gida ne, kamar yayana, sai a nufi ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da ke ƙaramar hukuma, domin ita doka ta ɗora wa rajistar haihuwa da mutuwa. Yawanci za su nemi takardar rantsuwa ta kotu daga wani na jikin mamacin. Wasiƙar limamin da ya sallaci gawar, ko ta fasto, da ta mai unguwa, suna ƙara wa maganar ƙarfi, kuma kamfanonin fansho da kansu sukan karɓi irin wannan wasiƙa a matsayin ƙarin shaida. In haɗarin mota ne ko wani abu makamancinsa, sai an haɗa da rahoton 'yan sanda.

A kula da ranar rasuwa. Ta zama ɗaya a kowace takarda. Mu mun yi kuskure a nan: yayana ya cika kafin sha biyun dare, limamin ya rubuta ranar jana'iza, ni kuma na rantse a kan ranar da ya cika. Bambancin kwana ɗaya ya sa aka dawo mana da fayil.

Daga nan a rubuta wa wurin aikinsa wasiƙar sanar da rasuwa, a kai da hannu, a sa su buga hatimin karɓa a kan kwafi a dawo da shi gida. Su ne za su tsayar da albashi, su kuma ba da wasiƙar da ke tabbatar da cewa ma'aikacinsu ne kuma ya rasu yana bakin aiki. Na san akwai masu ba da shawarar a yi shiru don albashi ya ci gaba da shigowa, a riƙa cira da katin mamacin. Kada a yi. Laifi ne a doka, cin haram ne, kuma ranar da aka gano za a zare kuɗin daga haƙƙin marayun, bayan an jefa fayil ɗin cikin bincike.

Wanda ya ɓata ba a ga gawarsa ba, kuma yankinmu ya ga irin wannan da yawa a shekarun nan, dokar fansho ta 2014 ba ta manta da iyalinsa ba. Sashe na 9 ya ce in aka shekara ba a same shi ba daga ranar da aka bayyana ɓatansa, PenCom za ta kafa kwamitin bincike, in kwamitin ya gamsu cewa za a iya ɗaukarsa a matsayin wanda ya rasu, sai a biya iyalinsa kamar na kowane mamaci.

Wanda aka rubuta a fom ba shi ne magaji ba

Nan ne zumunci ya fi lalacewa, don haka zan daɗe a kai.

Ranar da mutum ya kama aiki akan ba shi fom ya rubuta makusancinsa, abin da ma'aikata ke kira nes-of-kin. Da yawa sun cike wannan fom suna samari, suka rubuta sunan uba, ko wa, ko ƙane, ba su sake waiwayarsa ba har suka tara mata da 'ya'ya. Yayana sunana ya rubuta, tun ina makarantar sakandare. Da labari ya bazu a dangi, har aka sami mai ja na gefe yana cewa, "Ai kai Allah ya kashe ya ba ka." Ba haka abin yake ba. Makusancin da ke fom mutum ne da za a tuntuɓa in wani abu ya faru, ɗan aike ne. Rubuta sunansa bai mallaka masa ko kwabo daga asusun fansho ba.

Abin da sashe na 8 na dokar 2014 ya tanada shi ne: kamfanin fansho zai saki kuɗin da ke asusun ne bayan ya karɓi ɗaya daga cikin abu biyu, ko dai rubutacciyar wasiyya da kotu ta tabbatar, ko kuma takardar wakilcin gado daga kotu, sannan da amincewar PenCom. Za a biya wakilan da kotu ta naɗa, ko wanda kotu mai hurumi ta umarta, a raba bisa wasiyyar ko bisa dokar da ta hau kan mamacin a rayuwarsa. Ga Musulmi, wannan na nufin rabon gado na shari'a. Tunda kaɗan ne daga cikinmu ke barin wasiyya a kotu, kusan kowa takardar wakilcin gado zai nema. A bakin ma'aikatan kotu da na fansho sunanta leta of adiministireshan, kuma da wannan sunan za ka tambaye ta.

Ana samunta a sashen furobet na Babbar Kotun Jiha, wato sashen da ke kula da dukiyar mamata. Kafin a je, iyali su zauna su fitar da wakilai, galibi mutum biyu ko fiye. Shawarata, wadda na tsaya a kanta, ita ce a sa matar mamacin ko babban ɗansa ko babbar 'yarsa a cikin wakilan, in kuma mata biyu ne ko uku, kowane ɗaki ya sami ido a ciki. Ba don ana zargin kowa ba, sai don zuciya ta kwanta. Takaba wata huɗu ne da kwana goma, kuma ba dalili ba ce ta cire mace daga maganar haƙƙinta. Abin da ake iya kai mata gida ta sa hannu a kai mata, abin da sai ta je da kanta a tambayi malami hukuncin fitarta don larura, ko a tsara shi ya faɗo bayan ta fita.

A kotu za a ba ku fom ɗin neman wakilci da na lissafin dukiyar mamacin, a nemi masu tsaya muku, a nemi hotuna da katin shaida, a buga sanarwa don duk mai ƙorafi ya fito cikin wa'adin da aka ɗiba, yawanci kwana 21. Akwai kuɗin da ake biyan gwamnati, wani kaso na darajar dukiyar da aka lissafa, kuma kowace jiha da nata ƙa'idar. A biya a inda kotu ta ce, a karɓi rasit.

Ga wurin da mutane suka fi faɗawa rami: dole ne a ambaci asusun fanshon ƙarara a cikin lissafin dukiyar, da sunan kamfanin da lambar PEN. In takardar ta fito tana maganar gida da asusun banki kawai, kamfanin fansho ba zai karɓe ta ba, sai an koma kotu an nemi a ƙara. Saboda haka tun kafin zuwa kotu a fara leƙa kamfanin, a sanar da su rasuwar, a karɓi jerin takardun da suke so a rubuce, a kuma tambaye su yadda kotu za ta sami adadin kuɗin da ke asusun. A wannan zuwan ne kuma za a yi wata tambaya mai rage wahala. A jihohin Arewa akwai kamfanonin da ke karɓar umarni mai hatimi daga babbar kotun yanki a madadin takardar Babbar Kotun Jiha. A ji daga bakinsu wace kotu suke karɓar takardarta kafin a biya kuɗin komai. Matambayi ba ya ɓata, kuma kamfanin zai aika kotun da kansa ya tabbatar da ingancin takardar, don haka wadda aka samo ta bayan fage ba za ta wuce ba.

Da takardar ta fito, sai wakilan su je banki su buɗe asusun gadon mamacin, wanda ba a cire kuɗi daga cikinsa sai da sa hannunsu tare. Can kuɗin za su sauka.

A ofishin kamfanin fansho

Wakilan za su je da kansu. Za a cike fom ɗin sanar da rasuwa, a ɗauki hotunansu, a karɓi shaidar rasuwa, takardar kotu, wasiƙar wurin aiki, hoton mamacin, katin shaidar kowane wakili da takardar banki mai tabbatar da asusun. In akwai ƙananan yara cikin magada akan nemi takardun haihuwarsu. A je da na asali don a gani da ido, amma kwafi za a bari. Kada a saki takardar asali ga kowa sai da shaidar karɓa a rubuce. Kuma duk wannan aikin kyauta ne. Ma'aikacin da ya ce a ba shi wani abu don fayil ya yi sauri, ko ɗan tsakiyar da ya ce shi zai fito da kuɗin a ba shi kaso, a kai ƙararsa.

Sai maganar suna, wadda ta fi kama mu Hausawa. Mutum ɗaya ne, amma takardar ɗaukar aiki ta ce Muhammadu, ta banki ta ce Mohammed, katin ɗan ƙasa ya ce Muhammad, a wani wurin an sa sunan garinsu a ƙarshe, a wani an sa na mahaifinsa. Kwamfuta ba ta san cewa duk shi ne ba. A baje takardun a tabarma tun a gida, a gwada suna da ranar haihuwa ɗaya bayan ɗaya, inda aka ga saɓani a yi takardar rantsuwa, a nemi wurin aikinsa su rubuto cewa mutum ɗaya ne. Su ma wakilan su duba nasu: sunan da ke takardar kotu ya dace da na katin shaidarsu da na banki.

A nemi cikakken bayanin asusun tun daga ranar da aka buɗe shi, a zauna a bi shi wata-wata. Doka ta ce wanda ya ɗauki ma'aikaci ya tura kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, in ya yi jinkiri akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari ba a kowane wata. Duk da haka akwai wuraren aikin da ke yanka a takardar albashi su riƙe. In aka ga watannin da babu komai, takardun albashin nan da ke ɗaure da roba su ne hujja. A rubuta wa wurin aikin, a aika wa PenCom kwafi.

Wanda ya fara aiki da gwamnatin tarayya kafin ƙarshen watan Yunin 2004 yana da wani haƙƙi na daban, na shekarun da ya yi a tsohon tsari. PenCom ce ke lissafa shi, gwamnati ta saki kuɗin, a zuba a asusunsa. Don wannan lissafin ne ake neman takardar ɗaukar aiki ta farko, da ta ƙarin girma ta ƙarshe, da shaidar shekarun haihuwa, da takardun albashi na wasu watanni, har da na Yunin 2004. Wannan kason yakan fi jinkiri domin sai gwamnati ta saki kuɗi, amma ga wanda ya daɗe a aiki yana da kauri, kada a bar shi. A da, har zuwa farkon 2020, in mamacin ya rasu bai taɓa buɗe asusun fansho ba alhali ya cancanta, iyali kan zaɓi kamfani a buɗe asusu na musamman don karɓar haƙƙin mamaci, amma an daina hakan.

In fayil ya cika, kamfanin zai tura wa PenCom, in ta amince sai bankin da ke ajiyar kuɗin ya biya gaba ɗaya a dunƙule. A karɓi lambar fayil da sunan ofishin da ke riƙe da shi, a riƙa leƙawa.

Kuɗin inshora, wanda da yawa ba su san da shi ba

Mu sai da wani abokin aikin yayana ya zo gaisuwa ya ambata sannan muka ji labarinsa. Sashe na 4 na dokar ya wajabta wa duk wanda ya ɗauki ma'aikata a wannan tsarin ya yi musu inshorar rai ta bai-ɗaya, wadda ba za ta gaza ninki uku na jimillar abin da ma'aikaci ke samu a shekara ba. Wanda ke samun naira miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas a shekara, misali, iyalinsa na da aƙalla miliyan biyar da dubu ɗari huɗu in ya rasu yana bakin aiki. Ga matashin da bai daɗe da fara aiki ba, wannan yakan ninka abin da ke asusun fanshonsa sau da yawa.

Ƙofarsa daban ce. Ba kamfanin fansho ke biya ba, kamfanin inshora ne, kuma ta hannun wurin aiki ake bi. Ga ma'aikatan ma'aikatun tarayya, ma'aikatar ce ke tura takardu ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya. A nan doka ta ce a biya wanda mamacin ya rubuta a matsayin mai cin gajiyar inshorar, don haka a nemi wurin aikin su fito da wannan fom a gani. In suka ce ba su biya kuɗin inshorar shekarar ba, maganar ba ta mutu ba: dokar ta ce nauyin biyan iyalin ya koma wuyansu. Game da ko wanda sunansa ke fom ɗin zai riƙe kuɗin ko za a zuba su cikin gado, Musulmi ya kai maganar gaban alƙali ko malamin da ya san rabon gado tun kuɗin ba su shigo ba. Ni da sunana ya fito, gaban alƙali na kai.

In a bakin aiki aka yi haɗarin da ya yi sanadin rasuwar, akwai kuma diyyar da hukumar NSITF ke biya a ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010. Wanda ake yanka masa kashi 2.5 na asusun gidaje, iyalinsa na iya neman a dawo da shi daga Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya. A leƙa ƙungiyar adashin ma'aikata ta ofishinsu ma.

In ya riga ya yi ritaya

Inshorar ninki uku ta mai bakin aiki ce, ba ta shafi wanda ya ajiye aiki ba. Abin da iyalinsa za su samu ya danganta da zaɓin da ya yi ranar ritaya. In ya bar kuɗinsa a kamfanin fansho ana biyansa kaɗan-kaɗan duk wata, to duk abin da ya rage a asusun na magada ne, kuma hanyar karɓarsa ita ce wadda na bayyana. In kuwa ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora don su riƙa biyansa har ƙarshen rayuwarsa, akwai lamunin shekara goma. Wanda ya rasu bayan shekara shida da fara karɓa, za a biya waɗanda ya rubuta na shekara huɗun da suka rage. Wanda ya haura shekara goma, biyan ya ƙare da rasuwarsa. Wannan yakan yi wa iyali ciwo in sun ji, amma haka yarjejeniyar take, gara a sani da a yi ta zarya. Takardar yarjejeniyar, ko sunan da ke fitowa a saƙon banki duk wata, zai nuna wanne ne.

Sauran ƙofofin

Tsofaffin ma'aikatan tarayya da suka yi ritaya a tsohon tsari, wato waɗanda suka ajiye aiki zuwa ƙarshen Yunin 2007, suna hannun hukumar PTAD da aka kafa a 2013. A can ƙa'idar ita ce lamunin shekara biyar: in ɗan fansho ya rasu kafin ya cika shekara biyar da ritaya, a biya iyalinsa ragowar, sannan duk bashin fansho ko garatutin da yake bi kafin rasuwarsa haƙƙinsu ne. Sojoji an fitar da su daga tsarin karo-karo, nasu yana Hukumar Fanshon Sojoji a Abuja, kuma ta rundunar da mamacin ya yi aiki ake farawa. Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi, ciki har da malaman firamare, kowace jiha da dokarta. Kaduna ta bi tsarin asusun kowa da kansa, Kano da Jigawa kuwa asusun haɗaka suke da shi a ƙarƙashin hukumominsu na fansho. A nan fayil daga ma'aikatar mamacin ko ƙaramar hukumarsa yake tashi, kuma shaidar rasuwa da takardar kotu dai su ne kan gaba.

Ranar da kuɗi suka shigo

Wakili amana aka ba shi. Kafin a raba, a fitar da bashin da ake bin mamacin, sannan wasiyyarsa in ya bari, wadda ba za ta wuce sulusi ba, a kuma mayar wa wanda ya ranta kuɗin kotu da na zirga-zirga abinsa bisa rasit da yardar magada. Abin da ya rage shi ne gado. A ɗauka miliyan huɗu da dubu ɗari takwas suka rage, mamacin ya bar mata biyu, da mahaifiya, da 'ya'ya maza uku da mata huɗu. Matan za su raba tumuni, dubu ɗari shida, kowacce dubu ɗari uku. Mahaifiya na da sudusi, dubu ɗari takwas. Ragowar miliyan uku da dubu ɗari huɗu na 'ya'ya ne, kowane namiji dubu ɗari shida da tamanin, kowace mace dubu ɗari uku da arba'in. Ƙanen da sunansa ke fom ba shi da komai a wannan rabon, domin 'ya'ya maza sun kare shi. In mace ce ta rasu, malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya, mijinta na da rubu'i in ta bar ɗa ko 'ya, rabi in ba ta bari ba, kuma iyayenta na da nasu. Misali kawai na kawo. Ainihin rabon a yi shi a kotun shari'a ko gaban malami da shaidu, a rubuta, kowa ya sa hannu. Iyalin da ba Musulmi ba za su bi wasiyya, ko dokar gado da ta hau kansu, kuma su ma rubutu da shaidu ne kariyarsu.

Kason ƙananan yara shi ya fi ba ni tsoro, domin na ga inda ya narke a hannun masu riƙo da sunan jari. A buɗe wa kowane yaro asusu da sunansa, ko a saya masa abin da ba ya narkewa, a ajiye takardar a wurin mutum biyu.

In fayil ya kwanta ba bayani, a daina zuwa da baki kawai. A rubuta wa shugaban kamfanin wasiƙa mai ɗauke da lambar PEN da ranar da aka miƙa takardu, a karɓi hatimin karɓa. In shiru ya yi yawa, doka ta ba mai cin gajiyar asusun damar rubuta wa PenCom ta duba matakin kamfanin ko na wurin aiki. Ba sai an je Abuja ba: hukumar na da ofishin shiyya a Kano, da Gombe, da Ilori. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ma tana da ofis a kowace jiha, kuma ba ta karɓar kuɗi. Mu wasiƙa ta biyu ce ta tayar da fayil ɗinmu, bayan an gano wata takardar albashi ce ta ɓace a tsakanin ofis biyu. Kwafinta na cikin jakar fatar nan, washegari na kai musu.